Baburan Gudu na Italiya da Tarihinsu a Fagen Tsere

Idan ana maganar yawan babura, Italiya ba ta cikin sahun gaba. Kamfanin Honda na Japan shi kaɗai yana sayar da babura kusan miliyan 20 a shekara, alhali Ducati, wanda ya fi kowane kamfanin baburan gudu na Italiya suna, abin da yake fitarwa bai wuce 60,000 da ɗoriya ba ko a shekarar da kasuwa ta yi kyau. Amma a gasar MotoGP, wadda ita ce ƙololuwar tseren babura a duniya, duk wanda ya zama zakara daga 2022 zuwa 2025 a kan Ducati ya yi nasara. Wannan rinjaye yana da tushe mai tsawo, domin tun farkon ƙarni na 20 masu ƙera babura a Italiya suka mayar da filin tsere wurin gwajin fasaharsu, kuma wurin tallar hajarsu.

Kusan dukkan kamfanonin a arewaci da tsakiyar ƙasar suke, galibi a ƙananan garuruwa. Gilera ya fara a 1909, ya zauna a Arcore kusa da Monza. Benelli ya soma a Pesaro a 1911 a matsayin garejin gyara na wasu 'yan'uwa maza shida. Moto Guzzi kuwa an kafa shi a 1921, masana'antarsa na Mandello del Lario a bakin Tafkin Como har yau. Abokai uku ne da suka haɗu a rundunar jiragen sama lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya suka tsara shi: Carlo Guzzi, Giorgio Parodi da Giovanni Ravelli. Ravelli ya rasu a hatsarin jirgi a 1919 kafin a fara aiki, shi ya sa tambarin kamfanin ya zama gaggafa mai buɗaɗɗun fukafukai, don tunawa da shi. A 1935 Stanley Woods, ɗan ƙasar Ireland, ya ci tsere biyu a kan Guzzi a gasar TT ta tsibirin Man, wurin da baburan Ingila suka daɗe suna cin karensu ba babbaka. A 1937 Omobono Tenni ya zama ɗan Italiya na farko da ya yi nasara a can.

Bayan yaƙi

Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Italiya cikin talauci, hanyoyi sun lalace, mota kuma sai mai hali. Jama'a na neman abin hawa mai araha, masana'antun da yaƙi ya ɗauke wa ciniki kuma na neman abin ƙerawa. A wannan yanayi Piaggio ya fito da Vespa a 1946, wadda daga baya ta yi farin jini har a Kano da Zariya. A wannan yanayi ne kuma iyalan Agusta, masu ƙera jiragen sama, suka buɗe kamfanin MV Agusta a 1945 don ma'aikatansu su samu abin yi. Ducati ma ba da babur ya fara ba. An kafa shi a Bologna a 1926 yana yin kayan rediyo, jiragen ƙawance suka ragargaza masana'antarsa ta Borgo Panigale a 1944, sannan a 1946 ya shiga ƙera wani ɗan inji mai 48cc da ake ɗaura wa keke, mai suna Cucciolo.

Kamfanoni sun yi yawa, mai saye kuma yana son hujja. Hujjar da ta fi shiga kunnen jama'a ita ce tseren dogon zango a kan titunan ƙasa, kamar na Milano zuwa Taranto, mai tsawon fiye da kilomita 1,000, da Motogiro da ake kwanaki ana zagaya ƙasar. Babur ɗin da ya ƙare irin wannan tafiya bai tsaya a hanya ba, washegari za a ji sunansa a kowace kasuwa. A 1949 aka fara gasar duniya, kamfanonin Italiya suka shiga da ƙarfinsu.

Gilera ne ya nuna wa duniya amfanin inji mai silinda 4 da aka jera a kwance daga hagu zuwa dama, tsarin da baburan Japan suka yaɗa daga baya. Da shi Umberto Masetti ya ci kambun ajin 500cc a 1950 da 1952, Geoff Duke na Ingila ya ci sau uku a jere daga 1953 zuwa 1955, Libero Liberati ya ci a 1957. A wannan shekara ta 1957 Bob McIntyre ya zagaya hanyar TT a kan Gilera da matsakaicin gudun da ya haura mil 100 a awa, wato kilomita 160, abin da ba a taɓa yi ba. Moto Guzzi ya bi wata hanya dabam. A 1950 ya gina ramin gwajin iska, inda ake hura wa babur iska mai ƙarfi a ga yadda take bugunsa, ya riƙa yin babura marasa nauyi masu sulɓi, ya ci kambun 350cc shekara biyar a jere daga 1953. Sannan injiniyansa Giulio Cesare Carcano ya ƙera wani abin mamaki a 1955: inji mai silinda 8 a cikin 500cc kacal, wanda ya kai gudun kusan kilomita 275 a awa. Tayoyi da birkin wancan zamani ba su kai matsayin wannan gudu ba, kuma babur ɗin ya fi yawan lalacewa a kan nasara. Duk da haka har yau injiniyoyi na zuwa gidan tarihin Mandello su zuba masa ido.

Shekarar 1957 ta rufe wannan babi. Wani mummunan hatsari a tseren motoci na Mille Miglia, wanda ya kashe 'yan kallo har da yara, ya sa aka daina tsere a kan titunan jama'a. Ƙananan motocin Fiat masu araha kuma suka fara janye masu sayen babur. A ƙarshen kakar, Gilera da Moto Guzzi da Mondial suka sanar cewa sun janye daga gasar duniya saboda tsadar ta. MV Agusta ya nuna zai bi su, daga baya ya sake shawara.

Mulkin MV Agusta

Domenico Agusta, shugaban kamfanin, mutum ne mai sarauta da kuɗi da taurin kai, kuma ribar jiragen sama masu saukar ungulu da iyalinsa ke ƙerawa ce ke ciyar da sashen tsere. Tun a 1950 ya ɗauko injiniya Piero Remor daga Gilera, shi ya sa injin MV mai silinda 4 na farko ya yi kama da na Gilera sosai. Daga 1958 zuwa 1974, shekara 17 a jere, babu wanda ya ci kambun 500cc sai mahayin MV: John Surtees, Gary Hocking, Mike Hailwood, Giacomo Agostini, Phil Read. Baburan ja ne da ruwan azurfa, ƙararsu kuma ana jin ta tun daga nesa.

Adalci shi ne a faɗi cewa da yawa daga cikin waɗannan shekaru MV ba shi da abokin karawa na gaske. Mahaya masu zaman kansu ne ke bin sa a kan tsofaffin Norton da Matchless masu silinda ɗaya. A 1968 Agostini ya ci dukkan tsere 10 na ajin 500cc. Inda aka gwada ƙwanji shi ne 1966 da 1967, lokacin da Honda ya shigo babban aji da Hailwood a kan babur mai ƙarfin gaske amma mai wuyar sarrafawa. Agostini yana kan MV mai silinda 3, wanda bai kai Honda ƙarfi ba amma ya fi shi biyayya a kwana. A TT ta 1967 suka yi ta musayar jagoranci har sarƙar Agostini ta tsinke, Hailwood ya ci. A ƙarshen shekara makinsu ya zo daidai, kowa da nasara biyar, aka ba Agostini kambu saboda ya fi yawan zuwa na biyu. Darasin da injiniyoyin Italiya suka riƙe daga nan shi ne cewa ƙarfin inji kaɗai ba ya cin tsere idan gangar babur da tayoyi ba za su iya sauke shi ƙasa ba.

Agostini ya ƙare da kambun duniya 15 da nasara 122, kuma 13 daga kambunan a kan MV ya same su. Shi ne kuma ya ƙi komawa tsibirin Man bayan abokinsa Gilberto Parlotti ya mutu a can a 1972, lamarin da ya taimaka aka cire TT daga gasar duniya bayan 1976. Zamani ne da mutuwa ke kusa da mahaya: a Monza a watan Mayun 1973, Renzo Pasolini da Jarno Saarinen sun rasu a hatsari ɗaya.

Abin da ya kawo ƙarshen mulkin MV shi ne injin Japan mai bugu biyu, irin wanda ake haɗa wa fetur da man inji, mara nauyi mai saurin tashi. Domenico Agusta ya rasu a 1971, Agostini ya koma Yamaha ya ci kambun 500cc a 1975, sannan ya dawo ya ba MV nasararsa ta ƙarshe a Nürburgring ta Jamus a 1976. Ba a daɗe ba kamfanin ya daina ƙera babura. Wani ɓangare na laifin nasa ne: ya shahara a filin tsere amma bai taɓa mayar da hankali sosai ga sayar wa jama'a irin babur ɗin da suke gani yana cin gasa ba.

Taglioni da bawul ɗin da ba shi da sifirin

Ducati ya yi akasin haka, kuma mutumin da ya ɗora shi a kan wannan turba shi ne Fabio Taglioni, wanda ya zo kamfanin a 1954. Babur ɗinsa na farko, mai 100cc da ake wa laƙabi Marianna, ya mamaye ajinsa a Motogiro ta 1955. Amma abin da aka fi saninsa da shi wani tsari ne na bawul da ake kira desmo.

A inji mai bugu huɗu, bawul ne ke buɗe wa mai da iska su shiga silinda, wani kuma ya buɗe wa hayaƙi ya fita. A yawancin injuna wata sanda mai ƙusumbi ce ke danna bawul ya buɗe, sifirin kuma ya mayar da shi ya rufe. Matsalar ita ce idan inji yana juyawa sau dubbai a minti, sifirin ɗin shekarun 1950 ba ya iya mayar da bawul a kan lokaci, ko ma ya karye. Bawul ɗin da ya makara yana iya haɗuwa da fistan, inji ya tarwatse. Taglioni ya cire dogaro da sifirin: ya sa hannun ƙarfe ɗaya ya buɗe bawul, wani hannun ya ja shi ya rufe. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, Mercedes ya yi amfani da ita a motocin tserensa na 1954, amma shi ya sa ta yi aiki a ƙaramin injin babur. A 1956 babur ɗinsa mai 125cc ya fita gasa karon farko a Hedemora ta ƙasar Suwidin, Gianni Degli Antoni ya yi wa kowa zagaye.

A farkon shekarun 1970 Taglioni ya haɗa silinda biyu a kusurwa 90, ɗaya kusan a kwance tana kallon gaba, ɗaya a tsaye, tsarin da ke rage girgiza ya kuma bar injin siriri. Ranar 23 ga Afrilu, 1972, aka yi tseren mil 200 a Imola, Ducati ya kawo baburansa masu 750cc a cikin wata mota mai bangon gilashi don jama'a su gani. Agostini ya fara jagoranci a kan MV, babur ɗinsa ya lalace, Paul Smart na Ingila ya zo na ɗaya a ranar haihuwarsa, Bruno Spaggiari ya zo na biyu, dukkansu a kan Ducati. Kamfanin ya ɗauki wannan babur kusan yadda yake, ya sa masa fitila da lamba, ya sayar da shi a 1974 da sunan 750 Super Sport. Shekara huɗu bayan haka, a 1978, Mike Hailwood, yana da shekara 38, ya dawo tsibirin Man bayan shekara 11 bai yi tsere a can ba, ya ci ajin Formula 1 a kan Ducati mai 900cc. Kwafin wannan babur da aka sayar wa jama'a na daga cikin abin da ya riƙe kamfanin a shekarun da yake hannun gwamnati yana tangal-tangal.

Akwai wasu a wannan zamani da suka cancanci ambato. Laverda, kamfanin kayan noma na Breganze, ya yi suna da 750 SFC mai launin lemo a tseren awa 24. Moto Guzzi ya fito da Le Mans 850 a 1976. A Rimini kuma wani mai aikin bututun ɗumama gidaje, Massimo Tamburini, ya faɗi da Honda 750 a filin Misano a 1972 ya karya haƙarƙari, ya ɗora laifin a kan gangar babur ɗin, ya ƙera tasa da bututun ƙarfe. Daga nan aka samu Bimota, wanda ke sayen injin Japan ya gina masa jikin Italiya.

Gasar baburan kasuwa

A 1985 'yan'uwa Claudio da Gianfranco Castiglioni, masu kamfanin Cagiva, suka sayi Ducati. Injiniya Massimo Bordi ya sabunta injin, ya ba kowace silinda bawul 4 da sanyaya ta ruwa da allurar mai ta lantarki. Sai ga shi a 1988 an fara gasar duniya ta Superbike, wadda dokarta ta ce dole babur ɗin tsere ya samo asali daga wanda ake sayarwa a shago, kuma dole a ƙera adadi da aka ƙayyade. Wannan doka ita ce gadar da ta haɗa filin tsere da titi: duk abin da kamfani ke so ya yi tsere da shi, sai ya sayar wa jama'a irinsa.

Dokar ta kuma ba masu silinda 2 damar kaiwa 1000cc, masu silinda 4 kuwa aka tsayar da su a 750cc. Kamfanonin Japan sun daɗe suna ƙorafi cewa an yi wa Ducati gata, kuma ƙorafin ba banza ba ne. Da Honda ya gaji ya ƙera nasa mai silinda 2, ya ci kambu a 2000 da 2002. Kafin nan dai, a kan Ducati, Raymond Roche ya ci a 1990, Doug Polen a 1991 da 1992, Carl Fogarty sau huɗu tsakanin 1994 da 1999, Troy Bayliss kuma ya biyo baya da uku.

Babur ɗin da Fogarty ya hau shi ne 916, wanda Tamburini ya zana ya fito a 1994. Siriri ne, fitilunsa biyu kamar runtsattsun idanu, salansa biyu a ƙarƙashin kujera, tayar baya kuma hannu ɗaya ke riƙe da ita ta yadda ake ganin ta gaba ɗaya daga gefe. Ba shi da daɗin zama, yana gasa cinyar mahayi a cunkoso, kuɗin gyaransa kuma ba na wasa ba ne, domin saita bawul na desmo aiki ne na ƙwararren makaniki mai haƙuri. Duk da haka ya sauya yadda ake zana baburan gudu a duniya. Da Claudio Castiglioni ya farfaɗo da sunan MV Agusta, Tamburini ya sake zana F4, mai bakin salansa huɗu a jere a bayan kujera, wanda aka nuna a 1997.

A gefe guda Aprilia na garin Noale, wanda ya fara da kekuna, yana renon matasa a ƙananan azuzuwa. Max Biaggi ya ci kambun 250cc sau uku a kansa daga 1994 zuwa 1996, Valentino Rossi ya ci na 125cc a 1997 da na 250cc a 1999. Daga baya RSV4 ɗinsa ya ci Superbike a 2010, 2012 da 2014.

MotoGP da baburan yau

Ducati ya shiga MotoGP a 2003 da inji mai silinda 4 mai siffar V, Loris Capirossi ya ci tsere a Katalunya a shekarar farko, Casey Stoner na Ostareliya ya ci kambu a 2007. Sai dai babur ɗin ya zama wanda Stoner kaɗai ke iya lanƙwasawa. Rossi, wanda ya riga ya ci kambun duniya 9, ya zo a 2011, ya yi shekara biyu bai ci tsere ko ɗaya ba. Gyaran ya fara ne da zuwan Gigi Dall'Igna daga Aprilia a ƙarshen 2013. A ƙarƙashinsa aka liƙa wa babur ƙananan fukafukai da ke danne tayar gaba kada ta ɗaga, aka sa na'urar da ke rage tsayin baya a lokacin tashi, aka kuma ba ƙungiyoyi masu zaman kansu babura har suka kai 8 a fili, kowane yana tara bayanan da injiniyoyi ke nazari a kwamfuta. A 2022 Francesco Bagnaia, wanda ya fito daga makarantar matasan mahaya da Rossi ya kafa a garinsu Tavullia, ya cike giɓin maki 91 ya ci kambu, ya maimaita a 2023. A 2024 Ducati ya ci 19 daga manyan tsere 20, Jorge Martín ya zama zakara, Marc Márquez ya karɓa a 2025. Aprilia kuma ya samu nasararsa ta farko a babban aji a Ajantina a 2022.

Abin da mai kuɗi zai iya saya a yau ya gaji wannan duka. Panigale V4, wanda ya fito a 2018 ɗauke da sunan unguwar masana'antar, injinsa 1,103cc ne, ƙarfinsa ya haura doki 210, nauyinsa kuma bai wuce kilo 200 ba. Babur ɗin acaba mai 100cc bai kai doki 10 ba. Hannun mutum kaɗai ba zai iya sarrafa irin wannan ƙarfi ba, don haka akwai na'urar da ke auna karkatar babur a kowane lokaci, ta rage wuta idan tayar baya ta fara zamewa ko ta gaba ta ɗaga, ta kuma hana birki kullewa ko a tsakiyar kwana. Fukafukan MotoGP ma sun sauko kan titi. Farashin ya haura Yuro 25,000, kuma mafi yawan masu saye ba sa iya taɓa rabin ƙarfinsa sai a ranakun da ake buɗe filayen tsere kamar Mugello da Misano ga jama'a. Sifirin na zamani ya warware matsalar da Taglioni ya fuskanta, har Ducati ya fara fitar da wasu injunan titi marasa desmo, amma baburan tserensa na nan da tsarin.

Ta fuskar kuɗi kuwa, kaɗan ne daga cikin kamfanonin suka tsira a hannun iyalan da suka kafa su. Piaggio ya sayi Gilera a 1969, ya haɗa da Aprilia da Moto Guzzi a 2004. Benelli ya koma hannun Qianjiang na China a 2005. MV Agusta ya ratsa hannun Proton na Malesiya, wanda ya sayar da kasonsa a kan Yuro ɗaya, sannan Harley-Davidson na Amurka ya saye shi a 2008 ya mayar wa Castiglioni a 2010. Kawasaki ya sayi kusan rabin Bimota a 2019. Ducati kuma tun 2012 yana ƙarƙashin Audi na Jamus, kodayake zane da ƙira da sashen tsere duk suna nan a Borgo Panigale.